Tsohon Injin Wankin Gwaggo: Inda Wuta da Ruwa Suke Zurarewa

Gwaggo ta kira ni ne a kan magana ɗaya: in zo in cire moton injin wankinta in sa sabo. Ta riga ta yanke hukunci. Wuta tana tafiya da yawa, wanki yana cinye mata yini guda cur, kaya kuma suna fitowa jagab, har tawul ya kwana a igiya bai bushe ba. Wani ya ce mata tsohon moto ne ke shan wuta, ita kuma maganar ta zauna mata.

"Ɗana, tsufa ne ya kama shi," in ji ta. "Ka canza masa moton nan mu huta."

Injin irin na da ne, mai matsi: tukunyar alminiyam a kan ƙafafu huɗu masu taya, maburgi a tsakiyarta yana juyi dama da hagu, a sama kuma rola biyu na roba waɗanda ake cusa kaya a tsakaninsu su tatse ruwan. Ba kwamfuta, ba agogo, ba abin da ke shigar da ruwa da kansa. Kai za ka cika, kai za ka kashe, kai za ka sauke tiyo ruwan ya fita. Tambarin wanda ya ƙera shi ya goge tun ban san shi ba, amma ƙirar sananniya ce. Kamfanin Maytag na garin Niwton a jihar Ayowa ta Amurka ne ya yaɗa irin wannan maburgi mai zama a gindin tukunya, da samfurinsa Gyrafoam na 1922, sauran kamfanoni suka bi sahu. Tun a 1915 ma ya fitar da mai ƙaramin injin fetur domin gidajen gona da lantarki bai kai ba, kuma bai daina ƙera masu matsi ba sai 1983. Da yawa daga cikin injunan wancan zamani suna aiki har yau, domin abin da ke cikinsu kaɗan ne: moto, fambel, akwatin giya, maburgi, rola.

Na ce mata, "Gwaggo, a yi mini haƙuri in ga wanki ɗaya tukuna, daga fari har ƙarshe. In moton ne, a ranar zan sauke shi."

Na zo ranar wanki da abu huɗu: ƙaramar mita da ake sokawa tsakanin soket da fulogi, sikeli, ma'aunin zafi, da bokitin da na yi wa alama a kan lita 10. Ban taɓa ko sukuru ɗaya ba. Na zauna ina rubutawa.

Gidan mutum tara ne, wankin mako kashi shida. Tukunyar tana cin bokiti shida, lita 60 ke nan, kafin ruwa ya kai layin da ke jikin maburgi. Kowane kashi Gwaggo takan zubar da ruwa ta cika sabo. Huɗu daga ciki da ruwan zafi ne, wanda take dafawa da hita har ma'aunina ya nuna digiri 60. Injin yakan burga kashi ɗaya minti 20, wani lokaci fiye in hankalinta ya tafi wani aiki. Sannan ta matse, ta zubar, ta sake cika tukunyar da ruwan sanyi, ta mayar da kayan su yi minti 10 na ɗauraya. Cikawa goma sha biyu, lita 720. Moto kuwa ya yi wajen awa uku yana aiki, mita tana nuna wat 400 ko ƙasa da haka kaɗan. Jimillar abin da ya sha a yinin bai kai yunit ɗaya da rabi ba (yunit ɗaya wat-awa 1,000 ne, wato wutar da abu mai wat 1,000 ke sha a awa ɗaya).

Da yamma na yi mata lissafin hita a bayan takardar. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, ko da wace irin hita aka yi. Lita 60 daga digiri 20 zuwa 60 yunit 2.8 ke nan. Sau huɗu, yunit 11 da ɗoriya. Hitar da ke rataye a ƙusa, wadda ba wanda ya taɓa zargi, ta sha kusan ninki tara na abin da moton ya sha. An bar jaki ana dukan taiki. Ko da na samo moton da ya fi kowane kyau a duniya, abin da zai rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku na yunit ba a wanki guda.

Gwaggo ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, "To in ban dafa ruwan ba, da me dattin zai fita?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tsohuwa ce. A 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa abu huɗu ne ke fitar da datti: lokaci, zafi, sinadarin sabulu, da gugar da kaya suke sha. In ka rage ɗaya, sai ka ƙara wani ya cike gurbin. Zafi shi ne mai tsada a cikinsu, lokaci kuwa kyauta ne muddin ba moto ke ƙirga shi ba. Saboda haka muka koma jiƙo. Kayan da suka yi dauɗa sosai su kwana a baho da ɗan garin sabulu, wuyan riga da bakin hannu a goga musu sabulu tun da dare. Garin sabulu na zamani yawanci yana ɗauke da sinadaran da ke narkar da maiƙo da tabon jini ko gumi, kuma sun fi aiki a ruwa mai ɗumi, digiri 30 zuwa 40. Ruwa mai tsananin zafi ma dafa tabon jini yake yi ya kama zare. Injin an ƙera shi ne a zamanin sabulun gargajiya da ke buƙatar ruwan zafi, amma sabulun da ake zuba masa yau ba wancan ba ne, ɗabi'ar ce kawai ta tsaya inda take.

Mintunan burgi ma mun rage su. Yawancin dattin da zai fita yakan fita ne a mintunan farko. Bayan haka kayan suna wanka ne cikin ruwan da ya riga ya yi baƙi, dattin yana komawa jikinsu, zare yana cinyewa. Abin da ya sa fararen kayanta suka koma ruwan toka ke nan. Muka tsaya a kan minti 8 ga kayan da aka jiƙa, minti 12 ga na aikin ƙarfi, aka ajiye ƙaramin agogo mai ƙararrawa a kan murfin.

Akwai kuma lodi. Gwaggo takan cusa kaya har maburgi ya riƙa nishi, a ganinta hakan ne tattali. Na jefa jan kyalle a cikin tukunyar na ce ta sa masa ido. Minti biyu yana nan a sama inda na ajiye shi, yana rawa dama da hagu, bai nutse ba. Muka tsame riga huɗu. Nan take kyallen ya gangara ta jikin maburgi ya ɓace, can sai ga shi ya ɓullo ta gefen tukunya. Wannan juyin, daga sama zuwa ƙasa a sake dawowa, shi ne wankin. In bai faru ba, na ƙasa ne ke shan duka, na sama kuwa jiƙa kawai suke yi. Da muka auna, abin da tukunyar ke iya juyawa cikin sauƙi kilo uku da rabi ne na busassun kaya, kuma sai an haɗa manya da ƙanana. Zanen gado uku a tare nannaɗe juna suke yi su zama igiya.

Babbar baiwar injin mai matsi ita ce ruwan ba ya tafiya sai ka ce ya tafi. Injin zamani yana zubar da ruwan sabulu bayan kowane kashi, wannan kuwa kayan ake fitarwa, ruwan ya tsaya, har abin da rola suka tatso ya gangaro ya koma tukunya. Masu shi na farko sun san haka: farare su fara shiga, sai masu haske, sai masu duhu, na aikin ƙarfi a ƙarshe, duk a ruwa ɗaya, ana ƙara ɗan sabulu da ɗan ruwa a tsakani. Gwaggo ta riƙe shi kamar injin zamani, sai ta rasa amfanin wannan ba ta samu na wancan ba. Muka raba wankin gida biyu, kashi uku ga kowane ruwa. Na dai gindaya sharaɗi ɗaya da ba na so a sassauta: kunzugun jarirai, kayan marar lafiya da tsumman goge-goge ba sa shiga wannan jeri. Su nasu ruwan daban, mai zafi digiri 60, kuma a zubar da shi da an gama.

Ɗauraya kuma muka fitar da ita daga cikin injin gaba ɗaya. Kan rolar yana juyawa a bisa sandarsa, yana kuma tsayawa a wurare da dama, ba don ado aka yi shi haka ba. An yi shi ne domin a jera baho biyu a gefe: daga tukunya a matse zuwa baho na farko, a juya kan a matse zuwa na biyu, a sake juyawa a matse zuwa kwando. Yayin da ake ɗauraye kashi na farko, na biyu yana cikin tukunya yana burguwa, ba a jiran komai.

Gwaggo ta so ta haɗa ruwan ɗaurayar a babban baho ɗaya, ta ce ai yawansa ɗaya ne. Yawan ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba. Kaya kilo uku da rabi da aka matse da kyau suna ɗauke da wajen lita uku da rabi na ruwan sabulu. In suka shiga lita 80, sabulun ya tsinke zuwa kashi 1 cikin 24. In kuwa suka shiga lita 40, aka matse, suka sake shiga wata lita 40, to kashi 1 cikin 12 ne sau biyu, wato kusan 1 cikin 150. Matsin da ke tsakani shi ne sirrin. Da an gama kashi uku sai a zubar da na tukunya, ruwan baho na farko, wanda dama ya ɗauki ɗan sabulu, ya koma tukunya a ƙara masa bokiti biyu na ruwan zafi, baho na biyu ya zama na farko, a cika sabo guda ɗaya.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan rola, kuma a nan ne injin yake da ciwo na gaske.

Na ɗauki tawul busasshe, sikeli ya nuna giram 500. Na jiƙa, na bi da shi ta rola, ya nuna 1,250. Ruwan da ya rage a jikinsa ya ninka nauyinsa sau ɗaya da rabi. Rola masu lafiya kan bar kayan auduga da ruwa kusan daidai nauyinsu, wato ya kamata in ga wajen 1,000. Bambancin ba shi da girma a tawul ɗaya, amma a kaya kilo 21 ya haura lita 10 na ruwan datti da ke bin kaya zuwa baho, daga baho zuwa igiya. In da injin busarwa ake amfani da shi, kowace lita sai ta ci fiye da rabin yunit kafin ta zama tururi.

Na cire fulogi, na haska tocila ta bayan rolar ina juya su da hannu. Haske yana ɓullowa ta tsakiya, a wani gefen kuma ya ƙaru. Dalili biyu ne. Na farko, shekara da shekaru ana cusa kaya a dunƙule ta tsakiya, sai tsakiyar ta lotse, gefe da gefe suka tsaya da kaurinsu. Na biyu, ba a taɓa sassauta matsin bayan wanki ba. Roba biyu da aka bari a danne mako guda suna kallon juna sai wurin ya baje, kowane zagaye ka ji ɗan tsalle, ruwa kuma ya wuce ta nan. Fuskar robar ta yi santsi kamar gilashi saboda tsohon sabulu da ya daskare. Ta ƙasa, mai tauri, ta wanku da ruwan ɗumi, na bi ta da samfefa mai laushi har ƙyallin ya tafi. Ta sama, mai taushi wadda ke lanƙwasa ta rungumi maɓalli da kaurin ɗinki, ta riga ta tsattsage, sai da aka samo sabuwa. Katakon da sandar rolar ke juyawa a ciki ya cinye ta gefe ɗaya, shi ma na canza, na goge tsatsar sifirin na sa masa ɗan giris, ina kula kada ya taɓa roba, domin mai yana kumbura ta ya lalata ta.

Tawul ɗin nan ya koma ciki. Giram 1,020. Na ninke shi biyu a tsaye yadda faɗinsa zai cika rola daga gefe zuwa gefe, na sake bi, ya sauka ƙasa da 1,000. Wannan ninkin shi ne abin da na fi daɗewa ina nuna wa yaran gidan: a baje kaya, kada a dunƙule, a ninke maɓallai da zif su koma ciki, aljihu da rigar filo a shigar da su ta rufaffen gefe domin ruwan ya sami mafita, in ba haka ba iska da ruwa su taru su fasa ɗinki. Kaya masu ɗumi kuma sun fi sakin ruwa a kan masu sanyi.

Ina cikin wannan aiki na gano abin da ya fi komai tayar mini da hankali. A saman rolar akwai ƙarfen da ake bugawa su rabu nan take in sun kama abin da bai kamata ba. Na cusa tsumma mai kauri, na buga. Shiru. Na sake bugawa da ƙarfi, bai motsa ba, tsatsa ta kulle shi. A gidan da yara ke taya wanki ke nan. Tun a shekarun 1930 likitoci a Amurka suke rubutu a kan raunin da waɗannan rola ke yi wa hannun yara: su kama yatsu, su ja har gwiwar hannu ko hammata, suna ci gaba da juyawa a wuri ɗaya suna cin fata. Ban bar gidan ba sai da ƙarfen ya koma buɗewa da bugu ɗaya na tafin hannu, kuma Gwaggo ta gwada da hannunta sau uku. Muka yanke sanda mai santsi ta tsamo kaya da tura bakinsu. Ba sakakken hannun riga, ba gefen ɗankwali a sake, ba ƙaramin yaro kusa in rola na juyawa. Wayar wutar ma mai harshe biyu ce, robarta ta bushe tana farfashewa. Na sa mai uku, na ɗaure wayar da ke kai yoyon wuta ƙasa a jikin ƙarfen injin, aka kuma sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in yoyon lantarki ya kai miliamfa 30. Jiƙaƙƙen hannu, jiƙaƙƙen daɓe da tukunyar ƙarfe ba abin wasa ba ne.

Sauran gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Fambel ya saki yana zamewa, shi ya sa maburgi ke sanyi in kaya sun yi nauyi. Sabo ya shiga, na ɗaure shi yadda in an danna tsakiyarsa da yatsa zai lotsa kamar santimita ɗaya, domin in ya yi tsauri da yawa moton ne zai wahala. Na bushe ƙura da zaren da suka toshe ramukan shan iskar moton. Na duba farantin da ke jikinsa, ya dace da wutar gidan. Dubawar tana da muhimmanci ga duk mai irin wannan inji: moton da aka yi don wuta mai zagaye 60 a daƙiƙa, in aka ba shi mai 50, gudunsa kan sauka daga wajen 1,725 a minti zuwa 1,425, kuma yana iya ɗaukar zafi. Maburgi ya manne da sandarsa, sai da na cika tukunya da ruwan zafi na bar shi ya jiƙa kafin ya fito. A ƙarƙashinsa akwai laka da yashi da tsabar ƙarfe da suka taru, kowane wanki suna komawa cikin ruwa. Yanzu ana zare shi bayan kowane wanki, a wanke gindin, a shafa wa sandar ɗan man shafawa, a bar murfi a buɗe.

Abu ɗaya na gwada na janye. Ruwan gidan irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa ne, saboda kalsiyam da maganiziyam da ke ciki, kuma sodar wanki tana maganin wannan. Amma soda mai ƙarfi tana cin alminiyam, haka ma bilic, kuma bayan wanki biyu na ga tukunyar ta fara duhu. Sodar ta koma bahon jiƙo na roba, a matse kayan kafin su shiga injin.

Bayan wata guda na dawo da mitata da bokitina. Ruwa ya sauka daga lita 720 zuwa wajen 250. Hita ta sha ƙasa da yunit biyu da rabi, ban da ranar da aka yi wankin kunzugu. Moton, wanda ko noti ɗaya ban kwance masa ba, ya yi aikin awa ɗaya da rabi. An fara da hantsi, kafin rana ta take an shanya kashi na shida.

Akwai abin da injin ba zai iya ba ko an yi masa me. Rola ba za su kamo tsane ruwa da juyi mai sauri ba: ƙaramin injin tsane kaya mai gudun zagaye 2,800 a minti yakan bar kusan rabin ruwan da rola ke bari. Na kawo wa Gwaggo shawarar ta haɗa da shi saboda lokacin da rana ke wuya, ta ce a bari ta ga yadda wannan zai kasance tukuna. Wandunan jins masu maɓallin ƙarfe har yanzu da hannu ake matse ƙugunsu, don kada su yanki sabuwar robar. Akwai kuma ɗigon mai da ke bin ƙafa ɗaya ta baya. Na buɗe ƙaramin ramin da akwatin giya ke shaƙar iska, wanda datti ya toshe, ɗigon ya ragu amma bai tsaya ba. Man da ke fitowa baƙi ne wuluk, bai yi fari-fari irin na wanda ruwa ya shiga ba, saboda haka robar da ke ƙarƙashin maburgi tana riƙe da ruwa har yanzu. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ƙafar, na zana da'ira kewaye da tabon, na rubuta kwanan wata.

"In ya wuce layin nan a kira ni, Gwaggo."

Ta duƙa ta duba kwalin, ta miƙe, ta kai hannu ta sassauta matsin rolar kafin ta rufe injin da tsohon zanen gado.